Sau uku Mário Palma ya sa ni kuka, ban kuwa taɓa gaisawa da shi ba

A ƙasan akwatina akwai wani littafi mai shuɗin bango, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Shafukansa na farko duk lissafi ne: dila nawa ta shigo, wa ya karɓa, kwanza, kuɗin Angola, nawa ya rage. Daga tsakiya lissafin ya yanke, sai zane ya fara. Ƙananan da'irori biyar, da kibiyoyi masu nuna inda kowa zai gudu, da 'yan kalmomin Fotugis da na rubuta yadda kunnena ya ji su. Duk abin da na sani game da koyar da ƙwallon kwando daga wannan littafi ya fara, kuma mutumin da ya sa na fara zanen bai san ina duniya ba.

A Zariya aka haife ni, a 1979. Wanda bai san garin ba yakan yi mamaki in an ce masa ƙwallon kwando tana da gida a can, amma tana da shi tun da daɗewa. Filayen jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun fitar da 'yan wasa da yawa, kuma sunan Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya mai da Zariya gida, ba wanda ke taɓa ƙwallo bai san shi ba. A garin Masai Ujiri ya tashi, wanda daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Mu dai 'yan cikin unguwa ne, Samaru ta yi mana nisa. Kwandonmu wilin keke ne da muka zare wa wayoyi muka kafa a jikin darbejiya. In ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabta, sai an yi sallama an ba da haƙuri kafin wasa ya ci gaba.

Baba mai sayar da yadi ne. Bai taɓa dukana a kan wasa ba, amma maganarsa guda ce kullum: "Ƙwallo ba ta cefane." Nakan sunkuyar da kai in ce, "To, Baba." Da ya juya baya kuma sai in ɗauki takalmina.

Ina da shekara ashirin a 1999 lokacin da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Afirka a Luwanda. Shekara biyu kafin nan Senegal ta doke mu a wasan ƙarshe a Dakar, saboda haka muka sa rai cewa wannan karon rabonmu ne. Ba mu ga wasan ba. Sakamakon kawai muka ji a rediyo, mu shida a zauren gidanmu: Angola 79, Najeriya 72. Maki bakwai. Na fita bayan gida na yi kuka irin na yaro, don a lokacin ina ganin kaina cikin rigar Najeriya nan da 'yan shekaru, kamar ni aka doke. A ranar na fara jin cewa kocin Angola wani Bafotuge ne mai suna Mário Palma, na kuma riƙe sunan a raina yadda ake riƙe sunan wanda ya ci maka mutunci.

Shekarar da ta biyo baya gwiwata ta hagu ta tafi. Na yi tsalle na sauka a kan ƙafar wani, na ji ƙara kamar an karya kara. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na tashi, na yi tafiya, amma tsalle ya ƙare. Ba zan tsawaita a nan ba. Wata takwas na yi ba na bi ta gaban darbejiyar.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya fitar da ni daga wannan hali. Ya daɗe yana fatauci zuwa ƙasashen kudu, kuma da aka kashe Jonas Savimbi a Fabrairun 2002, aka tsagaita wuta a watan Afrilu, sai ya ce Angola ta buɗe, yana neman yaro mai amana. Ƙarshen wannan shekara na sauka a Luwanda ban san kalma ɗaya ta harshensu ba. Muka zauna a unguwar Mártires do Kifangondo, inda mutanen Mali da Gini da Senegal suka taru, inda za ka ji kiran salla ka kuma sami shinkafa da miyar gyaɗa. Kasuwancinmu a Roque Santeiro yake, wata makekiyar kasuwa a Sambizanga mai kallon teku, wadda aka tashe ta daga baya. Kowace safiya sai mu cusa kanmu cikin candongueiro, 'yan ƙananan bas ɗin nan masu launin shuɗi da fari. Da lambobi na fara koyon Fotugis, don wanda bai iya ƙirga ba a Roque ba ya kwana da jarinsa.

Mai gadin sito ɗinmu wani dattijo ne, tsohon soja, wanda yaƙi ya raba da yatsu biyu na hannun dama. Kota nake ce masa, yadda matasan Luwanda ke kiran babba don girmamawa. Wata rana ya gan ni na dunƙule takarda na jefa cikin kwandon shara daga nesa, ya lura da yadda wuyan hannuna ya karye bayan jifar. Ya tambaye ni da hannu ko ina wasa. Na nuna masa gwiwata. Ya ɗaga mini hannunsa mai yatsu uku. Daga ranar muka zama abokai, duk da ya girmi Baba.

Shi ya kai ni Cidadela, babban zauren wasanni na Luwanda a lokacin, ranar da Primeiro de Agosto ke karawa da Petro de Luanda. Primeiro kulob ɗin sojoji ne, masu ja da baƙi, don haka ba sai an tambayi Kota ɓangarensa ba. Petro kuwa na kamfanin man fetur na ƙasar ne. Ban taɓa ganin an cika wuri saboda ƙwallon kwando haka ba: ganguna, mata da goyo, tsofaffi, yara a kan kafaɗun iyayensu. Ƙasar da ta fito daga yaƙin shekara ashirin da bakwai, ga gurgu ga mai hannu ɗaya a ko'ina cikin 'yan kallo, amma kowa ya san dokar wasan, kowa ya san lokacin da alƙali ya yi kuskure. Kota ya taɓa ni, ya nuna mini wani Bature a gefen bencin Primeiro. Ya ce, "Palma."

Na zo da ƙiyayyata, na zauna da ita, na kuma yi niyyar fita da ita. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na manta da ita.

Abin da na gani shi ne mutum biyar da ke motsi kamar igiya ɗaya ta ɗaure su. In abokin hamayya ya wuce mai tsaronsa, kafin ya kai ga kwando wani ya riga ya tare gabansa, wani kuma ya riga ya rufe gurbin wanda ya taren. Ba wanda ya waiwaya ya duba, kowa ya san ɗan'uwansa yana nan. In suka ƙwace ƙwallo, ba ta daɗewa a hannun kowa. Mu a Zariya mun taso muna ganin gwani shi ne wanda zai yanka mutum uku ya zura. A nan sai na ga gwani yana da damar jifa, ya bar ta, ya miƙa wa wanda damarsa ta fi tasa. Kuma ba dogaye ba ne can. Na rantse a unguwarmu kaɗai akwai waɗanda suka fi wasunsu tsawo. Miguel Lutonda, wanda suke kira Janar, mai rarraba musu ƙwallo, in ka gamu da shi a kasuwa ba za ka ce ga gwarzon Afirka ba, amma shi aka zaɓa gwarzon gasar a 2001, aka sake zaɓarsa a 2003.

A hankali, yayin da Fotugis ɗina ke ƙaruwa, Kota ya riƙa ba ni tarihin mutumin, muna zaune a bakin sito yana shan shayin da na koya masa. An haifi Palma a 1950 a Gini Bisau, tun tana ƙarƙashin mulkin Fotugal, saboda haka Afirka ba baƙuwarsa ba ce. A Lisbon ya yi suna, inda ya ci gasar Fotugal sau biyar a jere da Benfica, daga 1991 zuwa 1995. A cikin 'yan wasansa na can akwai Carlos Lisboa, wanda Fotugawa ke ɗauka a matsayin gwaninsu na kowane zamani, da kuma Jean-Jacques Conceição, ɗan Angola, wanda in Kota ya ambaci sunansa sai ya dafa ƙirji. Amma Kota bai yarda a ce Bature ne ya kawo musu wasan ba, ko kusa. Yakan ɗaga murya ya ce kafin Palma akwai Victorino Cunha, wanda ya ba su kofin Afirka na farko a 1989 ya ƙara biyu a 1992 da 1993, suka sake ɗauka a 1995, harsashi na tashi a ƙasar. Su ne suka tsaya gaban Michael Jordan da abokansa a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, aka doke su 116 da 48, suka dawo gida ba su sunkuyar da kai ba. Ginannen gida Palma ya tarar. Abin da ya yi shi ne ya karɓe shi bayan faɗuwar 1997, ya hana shi tsagewa.

Yadda ya yi hakan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin ba wani asiri a ciki. Mutum ɗaya ne ke riƙe da Primeiro de Agosto, shi ne kuma ke riƙe da tawagar ƙasa. Da yawa daga cikin 'yan wasan ƙasar a hannunsa suke kwana su tashi duk shekara, irin su Carlos Almeida da Olímpio Cipriano, sauran kuma yana karawa da su kowane 'yan makonni a Petro da sauran kulob, ya san ƙarfinsu ya san rauninsu. In lokacin gasar Afirka ya zo, ba sabon karatu za a fara ba, bita ce. Da wannan Primeiro ta mamaye gasar Angola shekara da shekaru, ta ɗauki kofin zakarun kulob na Afirka a 2002 da 2004.

Watan Agustan 2003 aka sake haɗa mu da su a wasan ƙarshe, a Iskandariyya ta Masar. A tsakar gidan Kota muka kalla, an fito da talabijin an ɗora a kan durom, janareta na ruri a bayan ɗaki. Mutum ya fi arba'in, ni kaɗai ne ɗan Najeriya. Matarsa ta ajiye mini kujera a gaba, ta ba ni funge, irin tuwonsu, da kifi, ta ce in ci tun kafin abinci ya daina yi mini daɗi. 'Yan wasanmu sun fi nasu jiki, sun fi su tsawo, da yawansu a Turai da Amurka suke wasa. Ina kallo suna ƙoƙari, kowa yana ƙoƙari da gaske, amma kowa nasa ƙoƙarin daban. Aka tashi 85 da 65. Unguwa ta kaure, motoci na oda, mata na buga murafen tukwane. Na zauna a kujerata hawaye na zuba, ba na ko ɓoyewa.

Kota bai fita murna ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da ni har hayaniyar ta yi nisa. Sannan ya ce, da Fotugis mai sauƙi don in gane: "Ɗana, ku kun tara dogaye, mu mun tara shekaru. Naku a filin jirgi suka san juna."

Washegari na juya littafin bashi na fara zane. Duk wasan Primeiro da na samu zuwa, ba na kallon mai ƙwallo, sauran huɗun nake kallo: ina suke tsayawa, yaushe suke motsawa, wa ke yi wa wa magana. In na dawo sai in zana kafin in manta. Ban taɓa shiga wurin atisayensu ba, ban taɓa matsawa kusa da bencinsu ba. Sau ɗaya Palma ya wuce ta gabana a ƙofar zauren, tazarar da ba ta fi taku biyar ba. Na shirya gaisuwata tun a gida, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Kada a ɗauka ina cewa mutumin ba ya faɗuwa. A gasar Olamfik ta Atina a 2004 Angola ba ta ci wasa ko ɗaya ba, kuma na ga yadda gari ya yi tsit, na ji masu cewa iyakarsa Afirka. Shekara ta zagayo ya je Aljeriya da yaransa, suka doke Senegal a wasan ƙarshe. Kofi huɗu ke nan a jere: 1999, 2001 a Maroko, 2003, 2005.

A 2006 na dawo gida. Wani abokin hulɗarmu ya gudu da kuɗin kaya, jarin Kawu ya karye, Baba kuma ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na karɓi shagonsa na yadi. Kota ya raka ni har tasha, ya ba ni tsohuwar hularsa mai ja da baƙi. Ban sake jin muryarsa ba, lambar da ya ba ni ta daina shiga bayan shekara guda. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Yanzu na zo wurin da ya sa na zauna rubuta wannan, wurin da na daɗe ina kaucewa.

Bayan rasuwar Baba na fara tara yara a filin wata makaranta da ke kusa da mu, bayan sallar asuba kafin a shiga aji. Suka fara kirana Koci. A cikinsu akwai wani ɗan siriri, ɗan wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin titi, marayan uba. Ba shi da tsawo, ba shi da ƙarfi, amma shekara biyu bai taɓa fashi ba, ko da sanyin hunturu. Shi ke share filin kafin in iso. Duk abin da na zana a littafina, shi ne farkon mai ganewa, har yakan tsaya ya nuna wa manyansa inda za su tsaya. Na saya masa takalmi na gwanjo da kuɗina.

Sai aka shirya gasa tsakanin makarantu, aka ce akwai kofi, akwai manyan baƙi. Na so a san ni. Wannan ita ce gaskiyar, ba ni da wata. Na je na nemo samari uku dogaye waɗanda sun daɗe da barin makaranta, aka yi musu takardu, aka aske musu gemu, na sa musu rigar yarana. Na san haramun ne, na san zalunci ne ga yaran ɗaya ɓangaren, na gaya wa kaina kowa ma haka yake yi. Yaron nan ya zauna a benci tun daga wasan farko har na ƙarshe, yana miƙa wa baƙin ruwa. Muka ci kofin. Aka ɗauke ni hoto.

Kwana biyu bayan haka mahaifiyarsa ta zo shago da leda a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ajiye ledar a kan teburin awo. Takalmin ne, an wanke shi.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ya ce a kawo maka, a kuma yi maka godiya. Ni ban san ƙwallo ba. Abin da na sani, shekara biyu ina tashinsa da asuba, ina hana shi tayani ɗaukar itace don ya zo wurinka. Ranar da ya ce in zo in gan shi, na rufe kaskona na zo. Na gan shi yana raba ruwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi mini sallama ta tafi.

Daren nan na fito da littafin. Na bi zanen shafi bayan shafi, na ga ba ko ɗaya da zai yiwu da mutanen da suka san juna jiya. Na tuna maganar Kota a tsakar gidansa. Ni da na yi kuka a Luwanda saboda an tara dogaye an bar shekaru, ni ne na dawo gida na yi wa yaron da ya ba ni shekarunsa abin da ya fi haka muni. Na mayar da kofin ga waɗanda suka shirya gasar, na faɗa musu abin da na yi. Wasu suka ce na haukace, wasu suka daina gaishe ni. Na je gidan yaron sau uku. A na ukun ya fito, ya durƙusa ya gaishe ni, na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ya ce, "Ba komai, Koci, na yafe." Amma bai dawo fili ba. Ya shiga koyon ɗinki.

Na sake farawa da yara goma sha biyu, 'yan shekara goma zuwa sha biyu, na yi wa iyayensu alkawari ɗaya: ba baƙon da zai karɓi gurbin ɗansu. Shekara uku ana dukanmu. Akwai wasan da aka ci mu da tazarar maki fiye da arba'in, yaran da suka doke mu wasunsu da ƙyar in ba su yi aure ba. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu. Na riƙa koya wa sauran abu guda har ya gundure su: yadda ake tsayawa a tsaro da gwiwa a lanƙwashe, yadda ake kiran sunan ɗan'uwa in an wuce ka, yadda ake miƙa ƙwallo da hannu biyu daga ƙirji.

A waɗannan shekaru labarin Palma na bi a intanet, a shagon wani maƙwabcina mai kwamfuta, kamar yadda ake bin labarin ɗan'uwa da ke ƙasar waje. Ya tafi Jodan, ƙasar da ba a lissafa ta cikin manya, ya kai su matsayi na uku a gasar Asiya ta 2009 a Tianjin ta ƙasar Sin, suka sami zuwa gasar duniya a Turkiyya a 2010, karo na farko a tarihinsu. Daga nan ƙasarsa ta kira shi. Ya kai Fotugal gasar Turai ta 2011 a Lituweniya, aka doke su a duk wasanni biyar da suka buga. Wannan labari ya fi nasarorinsa ƙarfafa mini gwiwa, in faɗi gaskiya. Mutumin da ya ɗaga kofin Afirka sau huɗu ya koma gida, ƙasar da ƙwallon ƙafa ta cinye komai, aka yi ta dukansa, bai ajiye aikin ya gudu ba, ya zauna da tawagar har 2016. Fotugal ba ta sake ganin gasar Turai ba sai 2025, lokacin da ta samu Neemias Queta, ɗan ƙasar na farko da ya buga NBA.

A shekara ta huɗu yarana suka fara ci. Ba wani abin mamaki da ya faru, girma kawai suka yi tare. Wata rana na ga ɗayansu ya miƙa ƙwallo bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ɗan'uwansa kuwa yana daidai wurin. Na juya baya na yi kamar ina gyara igiyar takalmi, don kada su ga idona.

2015 Najeriya ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, a Tunisiya, ta kuma doke Angola ce a wasan ƙarshe, 74 da 65. Na yi murna har muryata ta dishe, na sa hular Kota na zaga unguwa, ina fata da yana kusa in zauna gefensa yadda ya zauna gefena. Palma ba ya bencin Angola a lokacin. Na ɗauka lissafina da shi ya rufe.

Ashe da saura. Ya koma Tunisiya, ya riƙe Club Africain, daga nan aka ba shi tawagar ƙasar. Ranar Asabar 16 ga Satumba 2017, a zauren Radès da ke Tunisiya, sai ga Najeriya da Tunisiya a wasan ƙarshe, ga dattijon nan ɗan shekara 67 a gefen fili. Yawancin waɗanda suka ci mana kofi shekara biyu baya ba su dawo ba, sabuwar tawaga ce aka haɗa, Ike Diogu na ɗauke da ita a kafaɗa. Su kuwa 'yan Tunisiya, irin su Makram Ben Romdhane da Radhouane Slimane da Mourad El Mabrouk, sun daɗe tare, wasunsu tun kofin da suka ci a Madagaska a 2011. Tun kafin a jefa ƙwallo sama gabana ke faɗuwa, don na taɓa ganin wannan wasan a kan durom.

Na rufe shago da wuri, na kunna janareta, yarana suka cika wurin har kan dilolin yadi. Mun fara da kyau, yara na ihu. Daga baya Tunisiya ta kama zaren, ƙwallo na yawo hannu zuwa hannu har sai ta sami wanda ba kowa a gabansa. Aka tashi 77 da 65. An ba Diogu kyautar gwarzon gasa, ya kuma cancanta. Palma ya ɗaga kofinsa na biyar, uku daga ciki a kanmu. Na yi kuka a karo na uku, a gaban yarana, kuma ko a lokacin ban iya rabe wanne ne na baƙin ciki wanne ne na wani abu daban ba.

Da yara suka watse na tashi in kashe janareta, sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya zama saurayi, har da ɗan gemu. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya ce, "Koci, sannu da haƙuri."

Na ce, "Yauwa, sannu. Ka ga wasan?"

Ya ce, "Tun daga kwata ta biyu. Mai lamba huɗun can ba ya duba baya in an wuce shi. Irin zanen shafin nan ne, wanda ka ce sai an kira suna."

Shekara tara ke nan rabonsa da fili, bai manta shafin ba. Na rasa abin da zan ce. Na shiga ciki na ɗauko littafin, na miƙa masa, ya buɗe a tsaye ƙarƙashin fitila yana bin kibiyoyin da yatsa. Ya daɗe. Sannan ya rufe ya mayar mini, ya ce sai da safe.

Asabar ɗin da ta biyo baya na isa fili bayan asuba na tarar an share shi. Yana zaune a kan dakali, kusa da shi wani yaro ɗan shekara tara, siriri kamarsa, ɗan yayarsa. Ya miƙe ya kamo hannun yaron ya sa a nawa.

Ya ce, "Ga shi nan, Koci. Inna ta ce a gaya maka ita za ta riƙa tashinsa."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce shago yana buɗewa ƙarfe takwas, saboda haka yana da awa ɗaya da rabi. Na ciro usur daga wuyana na ba shi. Ya tara ƙananan a ɓangaren hagu na filin, ya sa su lanƙwasa gwiwa, ni kuma na tafi da manyan ɗaya kwandon.